Sabo Ba Waraka Ba Ne

A Ƙanƙara na tashi, inda rana ba ta yi wa manomi sassauci. Sai da na yi nisa a karatu na san cewa a haskenta akwai wani kaifi da ido ba ya gani, wanda ke ɓata rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halittar fata, wato DNA. Ƙwayar kuwa takan yi wa cibiyarta laima da sinadarin melanin, ta yanke gurbin da ya lalace, ta sake rubuta shi daidai. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ta kashe kanta domin jiki ya tsira. Binciken hanyoyin wannan gyara ne ya samar wa Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar kyautar Nobel a 2015.

Sai dai ba kullum jiki ke gane maƙiyinsa ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na maƙwabciyarmu Zamfara, gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara aƙalla 400. Jiki kan ɗauki dalma a matsayin kalsiyam, ya yi mata masauki a ƙashi shekara da shekaru. Yarinyar da ta tsira tana iya girma garau a ido, ranar da ta sami ciki gubar ta fito daga ƙashinta ta shiga ɗan tayi.

Wannan ne ke tsorata ni game da kaina. A Disambar 2020, da aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garinmu, na kwana uku ban runtsa ba. Yanzu kuwa nakan ji labarin hari a Faskari ko Sabuwa, in ce Allah ya kyauta, in ci gaba da cin tuwona. Na daɗe ina kiran wannan haƙuri.

Ƙwayar halitta ta nuna mini kuskurena. Ba ta iya gyara sai ta fara shaida cewa an yi ɓarna. Mai haƙuri yana jin ciwo, ya san ciwo ne, yana neman magani ba tare da ya yanke ƙauna ba. Wanda ya saba kuwa ya daina ji, kuma abin da ya daina ji shi zai bar wa 'ya'yansa gado. Magabata sun ce sabo turken wawa. Ni dai ina roƙon Allah ya mayar mini da jin ciwon nan, ko da zai hana ni barci.