Haƙƙin Baƙon da Ba a San Asalinsa Ba

Mutumin da ya goya jakarsa ya tashi daga Garu, inda fadar Sarkin Dutse take, ya ratsa duwatsu da gonakin dabino a ƙafa shi kaɗai, ko ya nufi Kiyawa ko ya gangara Birnin Kudu ganin zanen mutanen dā a Dutsen Habude, ba zai yi nisa ba ƙishirwa za ta tsayar da shi a ƙofar wani. Mai gidan bai san shi ba, bai san iyayensa ba, wataƙila ma ba addininsu ɗaya ba. Me ke kansa game da wannan mutum? A ganina haƙƙin matafiyi halin da yake ciki ne ke jawo shi, wato yankewa daga gida da dangi. Asalinsa da dalilin fitowarsa ba su ƙara masa, ba su rage masa.

Alƙur'ani ya sa ɗan hanya cikin mutum takwas da ake ba zakka, a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma malamai sun ce ana ba shi ko da mai dukiya ne a garinsu, muddin guzuri ya yanke masa, tafiyar kuma ba ta saɓo ba ce. Malikiyya suka ƙara da cewa in bai sami mai ba shi rance ba. Ke nan shari'a ta dubi inda mutum yake yau, ta ƙyale abin da ya baro a rumbu. Zakka dai ta Musulmi ce, amma liyafa ta fi ta faɗi, domin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ɗaura karrama baƙo a kan imanin mai gida, ya kuma yanka mata kwana uku, abin da ya haura ya zama sadaka. Imanin mai masauki aka ambata, ba a tambayi na mai sauka ba. An kuma ruwaito daga Imam Malik da Sahnun, wani malamin mazhabarsa, cewa nauyin liyafa ya fi hawa kan mutanen ƙauye, saboda a birni matafiyi na samun masauki da kasuwa. Wasu kan ga kamar an tauye talaka ne aka sauƙaƙa wa mai hali, amma hujjar a fili take, kuma Dutse ta zama misalinta. Tun da ta zama babban birnin Jigawa a 1991, aka kuma buɗe jami'ar tarayya a 2011, baƙo mai kuɗi a aljihu ba ya rasa otel da mai shayi a cikin gari. A ƙauyen da ke bayan dutse kuwa, in magariba ta yi, kuɗinsa ba ya saya masa komai. Randar mutane da zaurensu su ne kaɗai abin da ke akwai.

Za a ce ai wanda ya fito yawon buɗe ido shi ya jawo wa kansa, bai kamata a haɗa shi da falke ko almajiri ko maniyyacin da ya bi ta Barno da Sudan a ƙasa ba. To, ƙishirwar mai yawo da ta falke iri ɗaya ce, kuma Alƙur'ani da kansa ya yi ta umartar mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen na gabansu ya kasance. Wanda ya je kallon zanen da ke jikin dutse bai fita daga wannan ba, ko da shi kansa bai sani ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba a yi mata dariya. Tun rikicin Boko Haram na 2009, da garkuwa da mutane da ta biyo baya, mutanen Arewa sun ga baƙon da ya zo da murmushi ya koma ya kawo masu bindiga. Mai dogon tunani zai ma tuna cewa Baturen nan Heinrich Barth, da ya bi ta Gumel a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, rubuta duk abin da ya gani ya yi, kuma a 1903 sojojin Turawa suka ci Kano. Sai dai abin da wannan ke nunawa shi ne a sa ido, bai kai ga hana ruwa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya saukar da wani Bature matafiyi, Clapperton, a Sakkwato a 1824 cikin girmamawa. Da ya dawo yana so ya wuce da saƙo Barno alhali ana yaƙi da ita, Bello ya hana shi, bai kuma kore shi ba, a Sakkwaton ya rasu a 1827. Tsarin ƙauye ma haka yake tun tuni: wanda ya yi baƙon kwana yakan kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, a ji daga ina, zuwa ina, kwana nawa. Baƙo a zaure yake kwana ko a masallaci, ba ya leƙa cikin gida. Da wannan ne tuhuma ke sauka daga kan mutum ɗaya ta koma kan shugabanni, mai gida ya samu ya miƙa kwanon tuwo hankalinsa kwance. Inda aka daina kai baƙi wurin mai unguwa, a nan ne kowane magidanci ya zama shi ne ɗan sanda shi ne alƙali, kuma mai jin tsoro shi kaɗai hukuncin da ya fi masa sauƙi shi ne rufe ƙofa. Matafiyin da ya ƙi a kai shi gaban mai unguwa, ko ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton matan mutane a bakin rijiya ba izini, shi ya warware amanar da kansa, kuma kwana ukun nan ba su zama dole a kan kowa ba.