Mai Azumi da Mai Yunwa

Shekara uku na yi ina koyarwa a lakkol ɗin wani gungu da ke tsakiyar kogin Kwara, a jihar Tilaberi. Gungu shi ne tsibiri a bakin Zabarmawa. Ni Bahaushen Maraɗi ne, gwamnati ce ta tura ni, ba da son raina ba. Da na isa sai na tarar wata baƙuwa ta riga ni: budurwa ce anasara, 'yar sa-kai, tana zaune a ɗakin laka irin na kowa, tana jin Zabarmanci fiye da ni nesa ba kusa ba.

Irin waɗannan matasa ba sababbi ba ne a Nijar. Ƙungiyar Peace Corps, wadda shugaba Kennedy na Amurka ya kafa a 1961, ta fara turo nata a 1962, kowanensu ya yi shekara biyu a ƙauye, har zuwa Janairun 2011 da ta kwashe su bayan an sace wasu Faransawa biyu a Yamai. Japan ma ta turo nata. Amma zaman gungu daban yake da na tudu. Ba mai shiga ko fita sai ta bakin ruwa, kuma mai jirgi ya san kowa, ya san abin da ke cikin buhun kowa. Baƙo ba shi da wurin ɓuya.

Tambayar da mutanen gungun suka kasa amsawa ita ce, me ya kawo ta? Tsofaffi sun kasu biyu. Wasu suka ce ba wanda zai bar wutar lantarki ya zo ya kwana da sauro sai in an kore shi daga gida, ko an aiko shi leƙen asiri, musamman da suka ga kullum tana rubutu a wani ɗan littafi. Wasu suka ce lada take nema irin ta addininsu. Samari biza suke hange a jikinta. Yara sun yi wata guda suna bin ta da "anasara, kado!" har suka gaji. Mata kuwa ba su tsaya bincike ba: sun raɗa mata suna na gida, sun koya mata daka, suna dariyar yadda take riƙe taɓarya.

Shawarwarinta ma haka aka riƙa karɓarsu, da "to" a baki. Ta ce a hana yara shiga kogi saboda tsargiya. Gaskiya ta faɗa, amma a gungu ina za a yi wanka? Ta haɗa mata suka yi lambu da shinge na kara, kowa ya san dorina na fitowa ta wannan gaɓar da dare, ba wanda ya faɗa mata. Kunya ce, in ji su, ba a gwale baƙo. Ni a ganina wannan kunyar da ɗan rowa a ciki. Mun ba ta tuwo, mun hana ta gaskiya.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru cikin damina ta biyu. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita. Kafin la'asar jirgi mai inji ya zo, mota na jira a tsallake, sai Yamai. Ba a yi mako ba naƙuda ta zo wa matar maƙwabcina da gardama cikin dare, ga iska, mai jirgin fila ya ce ba zai tsallaka ba sai gari ya waye. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ba wanda ya ɗora wa baƙuwar laifi. Da ta warke ta dawo, har gida aka je yi mata barka. Sai dai a wurin zaman gaisuwa na ji wani dattijo yana cewa, ba da ɗaci ba, ita azumi take yi, mu yunwa muke ji.

Na daɗe ina juya wannan magana. Mai azumi da mai yunwa cikinsu ɗaya yake ƙugi, amma ɗaya ya san lokacin kiran magariba. Talaucin da mutum ya zaɓa, yana da ranar ajiye shi, ba ɗaya yake da wanda aka haife shi a ciki ba, ko da gero ɗaya suke ci. Har nan na yarda da dattijon. Inda na tsaya shi ne, shin wannan ya mayar da zamanta wasan kwaikwayo? Ai mu ba mu ce azumi ƙarya ba ne don yana da buɗa-baki. Malamai ma cewa suke ɗaya daga hikimominsa shi ne mai hali ya ɗanɗani abin da marar hali ke ji. Sauron da ya cije ta na gaske ne. Kuma tana iya ƙin dawowa bayan jinya, ba wanda zai zarge ta, amma ta dawo, ta zauna cikin mata a ɗakin mai jegon da ba jariri, kwana uku tana taya su shiru.

Wani zai ce amfanin azumin nata ita ya koma wa: ta tafi da harshe, da labari, da takardar da za ta buɗe mata ƙofar aiki, gungu kuwa yana nan yadda yake. Akwai gaskiya a nan, ba zan kare ta ba. Amma ina jin nauyin faɗin haka da babbar murya, don na san abin da ke cikin akwatina a lokacin. Tun shekarata ta farko na rubuta takardar neman canjin wurin aiki, kowace shekara ina sabunta ta. Salla ɗaya muke yi da mutanen gungun, fata ɗaya, ƙasa ɗaya, ba yaron da ya taɓa ce mini anasara. Duk da haka in matata ta samu ciki, wata bakwai nake tura ta Maraɗi wurin iyayenta. Dattijon nan ya san da haka, gidansa na kallon mashigi.

Ita ta cika shekarunta biyu ta tafi, mata suka raka ta bakin ruwa suna kuka. Ni takardata ta fito bayan shekara guda. Jirgin da ya tsallakar da ita shi ya tsallakar da ni, mai jirgin ya karɓi kuɗinsa, ya ce in gaida mutanen Hausa.