Matar Aure Ta Sayi Gona Ba Da Izinin Miji Ba: Cinikin Ya Ɗauru?

Tambaya: Ni matar aure ce a Maruta, ƙasar Gwaram. Na daɗe ina matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, ina kiwon awaki, ina zubin adashe. Bana na kwashi adashe, na sayar da awakin, na sayi wata 'yar gona ta hannun ƙanena. Da maigida ya ji sai ya ce cinikin bai ɗauru ba, wai wani malami ya gaya masa mace ba ta da ikon taɓa abin da ya wuce sulusin dukiyarta sai da izinin miji. Ya ce in ina son ya sa albarka, sai a rubuta takarda da sunansa. Kusan duk abin da na mallaka na zuba a gonar. Na yi haramun ne?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, 'yar'uwa, cinikinki ya ɗauru, gona taki ce, ba ki yi haramun ba, matuƙar mai sayarwar shi ne mai ita kuma an san iyakokinta da kuɗinta. Cewa mace tana mallakar abin da ta nema da abin da ta gada, wannan aya ta 7 da ta 32 a Suratun Nisa'i sun gama magana. Inda ake tuntuɓe shi ne zancen sulusi.

Malamin nan bai ƙirƙiro maganar ba, sai dai ya ɗauko ta daga muhallinta ya dasa a wani wuri. A mazhabar Imam Malik, kamar yadda ya zo a babin hajru na Mukhtasar ɗin Shehu Halilu, miji yana da haƙƙin hana matarsa tabarru'i da abin da ya haura sulusin dukiyarta. Tabarru'i kuwa shi ne fitar da dukiya ba tare da wani abu ya dawo a madadinta ba: kyauta, sadaka, wakafi, har da tsaya wa wani lamuni. Saye da sayarwa musaya ce. Kuɗi ya fita, gona ta shigo, dukiyarki ba ta ragu ba, kama kawai ta sauya. Da za ki zuba ta kaf a ciniki, miji ba shi da ikon warware shi. Wuri ɗaya ne ciniki ke shiga wannan babi, wato in an yi ragowa da gangan. Misali gonar dubu 600 ce, kika biya dubu 900 don ki taimaki mai ita saboda ɗan'uwanki ne. Dubu 300 ɗin nan kyauta ce da ta sa rigar ciniki, ita kaɗai za a auna da sulusi.

Ko a kyautar ma, malamanmu sun kewaye haƙƙin miji da sharuɗɗa. Kyautar tana nan ingantacciya har sai ya mayar da ita. In bai sani ba har aure ya mutu, ko ɗayansu ya rasu, ta wuce. In kuma ya mayar, dukiyar hannun matar take komawa, ko sisi ba ya shiga aljihunsa. Sannan Hanafawa da Shafi'awa, da mafi rinjayen riwaya daga Imam Ahmad, ba su yarda da wannan takunkumi ba sam. Hujjarsu Nana Maimuna ta 'yanta baiwarta ba ta nemi izini ba, Annabi (SAW) bai warware ba, kuma ya karɓi sadakar mata ranar idi bai tambayi mazansu ba. Malikawa sun riƙi hadisin Amru ɗan Shu'aibu da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, suka iyakance shi da sulusi. Ni a babin kyauta ina ba da fatawa da mazhabarmu, ita jama'armu ke bi. Amma ba zan yarda a jawo ta zuwa ciniki ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne sharaɗin maigida. Ya hana ki taɓa fiye da sulusi, ga shi yana neman ki ba shi duka. Rubuta sunansa a takarda, in kin nufi mallaka masa, kyauta ce, ba ta halatta gare shi sai da daɗin ranki, abin da aka karɓa da matsi ko jin nauyi kuwa babu daɗin rai a cikinsa. In kuma ba ki nufi haka ba, an rubuta ƙarya ke nan, kuma ranar da ta Allah ta kasance a kansa gonar za ta faɗa cikin gado. Ke da kika tsaya kan tuyar ƙuli har hayaƙi ya ci idonki, za ki koma jiran tumunin takaba, in da kishiya ku raba shi biyu. In kika je gaban alƙali ke ce mai da'awa, ke za a nema wa shaidu, takarda tana hannun 'ya'yan kishiya.

Don haka a rubuta sunanki da na mahaifinki. A kira shaidu adalai, a zagaya iyaka da maƙwabtan gona, mai unguwa da dagaci su sa hannu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ba da shaidar riƙon gonakin karkara a kan ƙaramar hukuma, ba ta kuma ware mace ba, sai ki tura wakili sakatariya. Na ce wakili ne domin fitarki daga gida babi ne daban, can maigida yana da magana. Amma rashin izinin fita ba ya ɓata ciniki. Da kin shawarce shi tun farko da ya fi kyau ga zaman aure, yanzu ma ki lallashe shi da kyakkyawar magana, sai dai shawara ba sharaɗin inganci ba ce. Ya kuma sani ciyarwa tana nan a wuyansa ko da rumbunki ya fi nasa cika, in ya noma gonar sai da yardarki.

Wannan ƙyashi da maza ke yi in mace ta riƙe ƙasa yana da asali. A 1923, lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin masarautar Kano, Sarki Usman ya hana mata gadon gida da gona, sai a 1954 Sarki Sanusi ya soke hanin. Shekara 31 ta isa ta zama al'ada. An soke hukunci a fada, an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, amma har yau akwai gidajen da in uba ya rasu maza ke riƙe gonaki, a sallami mata da ɗan kwanon gero lokacin kaka, a ce ai mace gidan wani za ta kai. Da yawa cikin matan da ke tara kuɗin adashe suna sayen gona yau, suna da rabo a gonar ubansu da ba a ba su ba. Wanda ya riƙe wannan rabo ya ci haram, shirun 'yar'uwarsa don kunya ba yafewa ba ne. Malamin da ya haddace mas'alar sulusi ya kamata ya fara da wannan a majalisinsa, tunda nassinta a Alƙur'ani yake, babu saɓani a kanta.

Allah ne mafi sani.