"Ina Bizi"

Kalmar ta shigo Hausa har ta samu wurin zama a nahawu. Muna cewa "ina bizi" kamar yadda muke cewa "ina barci" ko "ina kasuwa". Muna cewa "na ɗan yi bizi ne", "kwana biyu ya cika bizi", "kina bizi ne in kira anjima?" A wurin Turawan da suka ba mu aronta galibi siffa ce. Mu kuwa mun mayar da ita wani aiki da ake yi, ko wani ɗaki da mutum ke shiga ya turo ƙofa. Har tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san ta, domin ita ake yawan gaya wa.

Masu kishin harshe za su ce a kore ta, tunda muna da namu. Amma namun ma da yawansu baƙi ne da suka daɗe: lokaci, hidima, uzuri, shagala, duk daga Larabci suka zo. Harshen da ya haɗiye mota da tebur da asibiti ba zai shaƙe da bizi ba. Abin da ya fi dacewa mu tambaya shi ne: wane aiki take yi mana wanda waɗancan suka kasa, har bakinmu ya fi saurin kai wa gare ta?

A duba yadda ake faɗar abin da Hausa. "Ina aiki." "Ina da baƙi." "Muna hidimar biki." "Ina jinya." "Na ɗora tukunya." "Ayyuka sun sha mini kai." Kowace a cikinsu tana buɗe labule ko da kaɗan ne, mai sauraro ya hango abin da ke ciki. Kuma kowace tana da amsarta da ke jiran ta: sannu da aiki, Allah ya sa alheri, Allah ya ba da lafiya, a gaida baƙin. Wanda aka ce wa "ina jinya" bai samu abin da ya zo nema ba, amma ya tafi da labari, ya bar addu'a, wataƙila ma gobe ya zo dubiya. To me ake ce wa wanda ya ce "ina bizi"? Babu "sannu da bizi". Iyakarta "to, shi ke nan", sai a kashe waya. Kalma ce da ba ta bar wa ɗaya ɓangaren komai ya riƙe ba.

Akwai kuma wani abu a gaisuwarmu da ya kamata ya ba mu mamaki. Manomi ya yini yana huɗa, ya dawo ƙafa duk ƙasa, a ce masa "ina gajiya?" ya ce "ba gajiya". A ce "ya aiki?" ya ce "aiki da godiya". Kowa ya san ya gaji, shi ma ya san an sani. Tarbiyyar ita ce kada ka ɗora wa mai gaishe ka nauyin wahalarka, kada kuma ka yi ado da ita. Bizi ta juya wannan. Da ita yawan aiki ya zama abin nunawa, kamar sabuwar shadda. Wanda ya ce "wallahi ba ni da lokacin kaina" sau da yawa ba kuka yake ba, sanarwa yake cewa ana nemansa.

Ba mamaki ta zo da wannan hali, idan aka tuna ƙofar da ta fi shigowa ta cikinta. Kafin watan Agusta na 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya, wayar tarho sai ofisoshi da gidajen manya. Da salula ta bazu, sai kowa ya fara jin muryar nan da ke sanar da shi da Turanci cewa lambar da yake kira tana bizi. Daga na'ura muka fi koyon kalmar, kuma da farko layi ake faɗa wa ita: "layinsa bizi yake." Sannu a hankali ta sauka daga kan layin ta hau kan mai layin. WhatsApp, wanda aka fara a 2009, ya zo da ita a jerin kalmomin da mutum zai zaɓa ya liƙa a ƙarƙashin sunansa, yadda ake rataya allo a ƙofar shago.

Mu da muke aikin rubuta manhaja mun san wani ɗan sirri game da wannan. A ƙa'idojin sadarwar salula, duk kiran da bai shiga ba yana da lambar dalili, kuma lamba 17 ita ce ta "mai waya yana bizi". Amma ƙa'idojin sun raba bizin gida biyu. Akwai wanda layi da kansa ya gano, wato da gaske mutum yana kan wani kira. Akwai kuma wanda mai waya ya zaɓa wa kansa: ya ga sunan mai kira, ya danna jan maɓalli. Galibi abu ɗaya mai kira yake ji a duka biyun. Injiniyoyin da suka tsara abin sun sa wa ƙin amsawa rigar uzuri. Da muka ɗauko kalmar, da rigar muka haɗo.

To ƙarya ce ke nan? A nan ne maganar ke da wuya, kuma bai kamata mu yi saurin yanke hukunci ba. A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Kirk-Greene ya jero halayen da Hausawa ke auna mutum da su, kuma gaskiya da kunya duk suna ciki. Wanda ya zauna da mutane ya san waɗannan biyun ba kullum suke shiri ba. "A'a" tsirara tana da nauyi a bakin Bahaushe. Tun kafin a haifi salula muna da hanyoyin kauce mata: "sai na duba", "bari mu gani", "Allah ya kai mu", ko a aiko yaro ya ce "wai ya shiga ciki". Ba Turanci ne ya koya mana zillewa ba. Kuma akwai halin da rufe labulen shi ne daidai. Matar da ke zaryar asibiti kan abin da ba ta son dangin miji su sani, saurayin da ya gama hidimar ƙasa shekara uku babu aiki kuma ba shi da kuɗin motar zuwa ɗaurin aure, mai bashin da ke neman kwana biyu ya haɗa abin da zai biya: duk waɗannan bizi sutura ce a gare su. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ba kowane mai kira ne ke da haƙƙin sanin abin da muke ciki ba.

Sai dai tsofaffin hanyoyin suna da wani abu da bizi ta rasa. Wanda ya ce "ka yi mini uzuri" roƙo ya yi. Ya amsa cewa akwai haƙƙi a kansa, ya kasa saukewa, ya miƙa hukuncin ga mai haƙƙin: ya karɓa ko ya ƙi. Wanda ya ce "ina bizi" shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Ya auna abin da yake yi da wanda ke nemansa, ya ga wanda ya fi nauyi, ya sanar da sakamako, bai kuma nuna ma'aunin ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a lura da inda kalmar ke gangarawa. Oga yana gaya wa yaronsa. Mai kuɗi yana gaya wa ɗan'uwansa talaka. Wanda ake nema yana gaya wa mai nema. Amma a gwada juya ta sama. Wane ɗan kasuwa ne zai ce wa babban dilansa "Alhaji, ina bizi"? Wane ɗalibi ne zai gaya wa malamin da ke duba kundinsa? A nan take tsohuwar Hausa ke dawowa da cikakken bayani: "Ranka ya daɗe, wallahi ina asibiti ne da yarinya, amma da na fito zan iso." Ashe mun san bayanin haƙƙi ne, muna dai zaɓar wanda za mu biya. Sannan waɗanda suka fi kowa rashin sukuni ba su cika amfani da ita ba. Mai ga-ruwa da ke tura kura tun asuba, 'yar aikin da ke tashi kafin masu gida ta kwanta bayansu, uwar 'ya'ya biyar da ke surfe da goyo a baya, ba a jin suna cewa suna bizi. Ba su da wanda za su gaya wa.

A sana'armu akwai wani aibi da ake gargaɗin sabon mai koyo a kansa, sunansa ma da kalmar aka yi shi, wato jiran bizi. Manhaja ce ke jiran wani abu ya faru, maimakon ta koma gefe a tashe ta idan ya zo, sai ta dinga tambaya ba tsayawa: ya zo? ya zo? ya zo? Idan ka duba ma'auni za ka ga ƙwaƙwalwar kwamfutar ta cika maƙil, na'ura ta yi zafi, batir yana zuba, alhali ba a ƙulla komai ba. Kowa ya san yatsan da ke jan fuskar waya ƙasa don ya ga ko wani sabon abu ya shigo. Mai wannan yatsan idan ya ce yana bizi bai yi ƙarya ba, da gaske babu sarari a kansa. Hausa tana da sunan wannan hali, kuma ba ta yi masa kara ba: shagala. Bambancin aiki da shagala shi ne abin da bizi ke shafewa, har ga mai faɗar. Wanda ya ce "na shagala" ya san da gyara. Wanda ya ce "ina bizi" yana jin kamar yabo ya cancanta.

Abin da ke cikin haɗari kuwa sananne ne. Haƙƙoƙin da aka karantar da mu tun muna Islamiyya cewa Musulmi yana da su a kan ɗan'uwansa, amsa sallama, gaida mara lafiya, raka gawa, amsa gayyata, kusan duk da lokaci ake biyan su, ba a tura su ta banki. Da aka ce zumunta a ƙafa take, ƙafar lokaci take ci. Kalmar da ke ba mu damar hana lokaci ba tare da mun faɗi dalili ba, ba tare da mun nemi afuwa ba, dole ta fi cin waɗanda ba su da abin da za su riƙe mu da shi sai zumuntar: goggo a ƙauye, abokin firamare da bai samu ba, maƙwabcin da ya tsufa.

Su ma kuma sun fara gane na'urar. Tun 2014 WhatsApp ke shuɗanta alamar saƙo idan an karanta, yana kuma nuna wanda ke kan layi. Goggon da aka ce wa "ina bizi" da azahar tana da jika a gefenta mai riƙe da waya, kuma yaro ba ya ɓoye abin da ya gani: "Ai ga shi nan a kai, yanzu ma ya sa hoto." Ba za ta ce komai ba, kara ba za ta bar ta ba. Idan an haɗu a gidan suna za ta amsa gaisuwa da fara'a, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ya bizi?"