Shin Mai Bayarwa Yana da Ikon Tsara wa Mabukaci Cefanensa?

Idan hukuma ta ɗebi kuɗi daga baitulmali ta ba gwauruwa ko marar aikin yi, shin tana da ikon faɗa masa abin da zai saya da abin da ba zai saya ba? Tambayar ba ta wasa ba ce, gama ƙasashe sun riga sun gwada amsa ta a kan rayukan mutane.

A shekarar 2016 gwamnatin Ostiraliya ta fara wani gwaji a garin Ceduna. An sa kashi 80 cikin ɗari na tallafin masu ƙarfin yin aiki a cikin wani kati wanda ba ya sayen giya, ba ya shiga gidan caca, ba a kuma iya cire tsabar kuɗi da shi. Da yawa cikin waɗanda abin ya shafa 'yan asalin ƙasar ne. A 2018 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ce da wuya a tabbatar ko katin ya rage ɓarnar da aka yi nufin magancewa, a 2022 kuwa majalisa ta soke shi. A Amurka ma, tallafin abinci na SNAP ba ya sayen giya ko taba, a 2025 kuma aka ba waɗansu jihohi izinin cire lemun kwalba daga cikinsa, Nebraska ce ta fari.

Masu goyon bayan ƙayyadewa suna da hujja mai nauyi, kada mu raina ta. Kuɗin nan gumin masu biyan haraji ne, an kuwa karɓe shi domin a kori yunwa. Akwai gidan da uba yakan shanye tallafi a rana ɗaya, yara su kwana da ciki wayam. Wane mai lamiri ne zai ce a ƙyale wannan?

Amma bari mu tambaya: gidaje nawa ne haka? A 2014 David Evans da Anna Popova na Bankin Duniya sun tattara binciken da aka yi a Afirka, Asiya da Latin Amurka, suka ga ba matalauta tsabar kuɗi bai ƙara sayen giya da taba ba. Ashe dokar da ta ɗaure kowa tana hukunta mutane masu yawa saboda laifin kaɗan, wai don wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ga shi kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Uwar da take bukatar kuɗin mota zuwa asibiti, ko takalmin gwanjo ga ɗanta, ta fi ma'aikacin ofis sanin abin da ya fi gaggawa a gidanta. Mai fansho ma daga baitulmali yake karɓa, ba wanda yake leƙa kwandonsa.

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, cikin wasiƙarsa ta Centesimus Annus a 1991, ya yi kashedi a kan hukumar da take ɗauke wa mutane alhakin da yake nasu. Wanda aka hana shi zaɓi, yaushe zai koyi tattali?

Saboda haka a bambanta abu biyu. Ba laifi a ba da taimako domin wata bukata da aka ambata, kamar abinci ko magani. Laifin shi ne a ɗauki talauci kansa a matsayin shaidar rashin hankali. Ƙayyadewa ta halatta ne kawai inda aka tabbatar da cuta a wani gida, musamman ga yara, ta zama ta ɗan lokaci, mutumin kuma yana da damar kare kansa.

Allah ya ba mu hikimar taimakon ɗan'uwa ba tare da mun zubar masa da mutunci ba.