Hanyar Burmi da Nauyin Niyya

Ɗan'uwa, kafin ka fita neman abinci yau, zauna kaɗan ka tambayi zuciyarka wane ne gwarzonka, kuma don me.

Samarinmu na Badarawa a nan Kaduna da suka kalli fim ɗin Braveheart na 1995 za su ambaci William Wallace, mutumin Sikotilan da ya karya rundunar Ingila a gadar Stirling a 1297, aka ci shi a Falkirk shekarar da ta biyo, daga baya aka ci amanarsa aka kashe shi a Landan a 1305. Jarumi ne, ba musu. Ni kuwa nawa gwarzon shi ne Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu. Wani abin mamaki, Baturen da ya riƙe mulkin Arewa a madadin Gwamna Lugga lokacin yaƙin Burmi inda Attahiru ya faɗi, shi ma sunansa William Wallace. An ce suna linzami, amma wannan bai ja mai shi inda ya ja takwaransa ba.

Attahiru ya hau gado a ƙarshen 1902, bai ko gama karɓar mubaya'a ba Kano ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu 1903. Ranar 15 ga Maris, a filin Giginya da ke Sakkwato, masu dawaki da māsu da takubba suka tari igwa da bindigar da ke ruwan harsashi. Faɗan bai daɗe ba. Mutane suka yi ta faɗuwa a gindin tuta, kowa ya faɗi wani ya matso. Attahiru ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira zuwa Makka, don ya ƙi zama ƙarƙashin hukuncin da bai yarda da shi ba. Talakawa suka bar gonaki ana gab da damina suka bi shi, da mata da yara da tsofaffi. Manya ma sun biyo, irin su Etsu Nupe Abubakar da Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Keffi. A Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yau, an kori Turawa ranar 13 ga Mayu. Suka dawo ranar 27 ga Yuli, Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci Turawan can ya mutu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, garin da suka kafa a bakin Kogin Nilu yana nan da sunansa.

Amma akwai mutum na biyu da ba a cika yi wa kirari ba. Waziri Buhari bai tafi ba. Ya shawarci malamai, ya dubi raunanan da ba su da guzurin tafiya, ya koma Sakkwato ya yi sulhu don a bar wa mutane sallarsu da karatunsu. Zuciyata tana bin Attahiru, ba na ɓoyewa. Duk da haka makarantun allo da zaurukan ilimin da muka gada, a hannun waɗanda suka zauna suka haƙura aka raya su. To, wane ne ya yi daidai?

Hadisi na farko a cikin Arba'una ta Imam Nawawi a kan niyya yake, kuma misalin da ya kawo shi ne hijira: mutum biyu su kama hanya ɗaya, ladansu ya bambanta saboda abin da kowa ya ƙulla a ransa. Ashe mai tafiya don Allah da mai zama don Allah suna iya haɗuwa a wuri guda ranar sakamako, mai tafiya don suna da mai zama don kujera su ma haka. Mu ƙafa muke gani, Allah ne ke ganin zuciya. Shi ya sa nake tsoron saurin kiran wani matsoraci, ko kiran kaina jarumi.

Yau ba wanda ya girke igwa a Kawo. Kadunar da muke ciki ma masu nasarar ne suka gina ta, suka dawo da hedikwata nan daga Zungeru a 1917. Jarrabawarmu ƙarama ce a ido: mudun da za ka auna wa marainiya, takardar ƙarya da maigida zai miƙo maka ka sa hannu, canjin fasinjan da ya manta a keken haya. Wani cikinmu ajiye aikin ne zai tsirar da addininsa. Wani kuwa zama ne ya fi masa, ya daure ya tsare amana daga ciki, ko da ana yi masa kallon wanda ya sayar da kai. Kada ka zaɓi wanda za a fi yabonka a kansa, ɗan'uwa, bincika wanne za ka iya yi don Allah shi kaɗai.

Ya Allah, ka jiƙan waɗanda suka kwanta a Giginya da Burmi, ka jiƙan waɗanda suka zauna suka riƙe amanar jama'a. Ka tsarkake niyyarmu a fitarmu ta yau, ka ba mu halaliyarmu, ka dawo da mu gida lafiya. Amin.