Kuɗin Hayar Ɗakin Da Ke Yoyo: Halas Ne Ko Haram?

  

A majalisun wa'azinmu muna yawan jin magana a kan riba, da tauye mudu, da cin dukiyar maraya. Amma ba kasafai ake taɓo batun hayar gida ba, alhali da yawanmu a gidan haya muke zaune, wasunmu kuma su ne ke bayar da hayar. Kuma idan gida ya lalace, mace ce ke shan wahalarsa. Maigida ya fita tun sassafe sai dare. Ita ce za ta wuni tana jera robobi a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo, ita ce za ta riƙa kora yara daga bakin rijiyar da ba ta da murfi, ita ce za ta jira layi a masai guda ɗaya da iyali takwas ke amfani da shi, ga shi ya cika har yana tsatsafowa tsakar gida. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna wannan mas'ala a tsakaninmu.

Mu fara da abin da muke karantawa a Islamiyya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo hukuncin haya ne a cikin babin ciniki, kuma ba banza ba. Haya ciniki ce. Bambancinta da sauran ciniki shi ne ba ginin ake sayarwa ba, amfaninsa ake sayarwa zuwa wani lokaci sananne, a kan kuɗi sananne. To mene ne amfanin ɗaki? Ya kare ki daga ruwa da rana, ya suturta ki daga idon jama'a, ki kwanta da 'ya'yanki ba tare da fargabar bango zai faɗo muku ba. Wannan shi ne hajar da ɗan haya ya biya kuɗinta. Wanda ya karɓi kuɗin shekara cif, bai rage ko kwabo ba, sannan ya miƙa ɗakin da rabinsa ruwa ne duk damina, ya auna wa kansa da cikakken mudu, ya auna wa ɗan uwansa da tauyayye. Waɗannan su ne siffofin mutanen da farkon Suratul Muɗaffifina ya yi wa alkawarin azaba. Mu daina ɗauka cewa surar ta tsaya kan masu awon gero da masara a kasuwa.

Imam Muslim ya ruwaito cewa wata rana Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, sai ya tura hannunsa mai albarka a ciki, ya ji laima. Da ya tambaya, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi (SAW) ya tuhume shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya tare da shi. 'Yar uwa, ki kwatanta wannan da abin da ake yi yau. Bango ya tsage tun daga tushe, sai a shafe shi da siminti, a bi da fenti mai sheƙi, a kira dillali. Da rani ake nuna gidan, lokacin da ba wanda zai gane cewa kwatar unguwa ta cikinsa take bi. Dillalin ya sani sarai, amma la'adarsa yake hange, sai ka ji yana cewa, "Wallahi Alhaji gida ne sabo fil, in ba ka biya yau ba akwai mai jira." Fentin nan shi ne busasshen abincin da aka ɗora a kan jiƙaƙƙe, kuma dillali da mai gida duk sun yi tarayya a cikin laifin.

Akwai wata magana da wasu masu gidaje da suka ɗan yi karatu ke fakewa da ita. Suna cewa ai a mashahurin zance na mazhabarmu ta Malikiyya ba a tilasta wa mai gida yin gyara. Gaskiya ne haka maganar take, amma rabinta suka ɗauka. Ragowar ita ce, idan lalacewar tana cutar da mazauni, yana da zaɓin ya warware yarjejeniyar ya tashi, kuma babu kuɗin haya a kansa na watannin da bai zauna ba. Risala ma ta bayyana cewa idan gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar ta warware a abin da ya rage. To a nan ne gizo ke saƙar. Wane mai gida ne a garuruwanmu ke mayar da kuɗin wata bakwai idan ɗaki ya zube a watan biyar? An karɓi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, an kashe, ɗan haya ba shi da na kama wani wuri. Ka ga ke nan an toshe masa ƙofar da shari'a ta buɗe masa: ba gyara, ba mayar da kuɗi. Wannan shi ne cin dukiyar mutane da ɓarna da aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana.

Abin bai tsaya kan dukiya ba, yakan kai ga rai. Malaman fiƙihu sun yi bayani a kan bangon da ya karkata: idan aka gargaɗi mai shi a gaban shaidu, ya sami damar gyarawa ko rushewa ya ƙi, sannan bangon ya faɗa wa mutum ko dukiya, to shi ke da alhakin biya, har da diyya. Ba a karɓar "ƙaddara ce" daga bakinsa, don shi ma gyaran da ya ƙi yi yana cikin ƙaddarar da aka umarce shi ya yi riƙo da ita.

Irin wannan ya faru a ƙasar nan, kuma da yawanmu mun gani a talabijin. Ranar 13 ga Maris, 2019, wani bene ya rufta a unguwar Ita-Faji da ke tsibirin Legas. Akwai 'yan haya a ciki, a saman kuma makarantar ƙananan yara. Hukumomi sun tabbatar da mutuwar mutum 20, cikinsu har da ɗalibai, kuma jami'an jihar sun ce tun kafin ranar an riga an yi wa ginin alamar rushewa. Wato gargaɗi ya iso, shaidu sun gani, amma aka ci gaba da zama a ciki. Mu da muke koyar da yara, wannan labari ba ya barin zuciya.

Kuma ba lallai sai gini ya faɗi ba. Danshi kaɗai yana kisa, har a ƙasashen da muke ganin sun ci gaba. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a Disambar 2020. Binciken kotu a 2022 ya tabbatar da cewa ciwon numfashin da ya kashe shi ya samo asali ne daga fumfunar da ta mamaye gidan da suke haya, bayan mahaifinsa ya sha kai kuka ga masu gidan ba a gyara ba. Sai da ran yaron ya salwanta aka yi doka da sunansa, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025, tana ƙayyade wa masu irin waɗannan gidaje wa'adin gyara. Yara nawa ne a lungunanmu ke kwana a ɗakin da bangonsa ya yi baƙi da laima, suna tari daga farkon damina har ƙarshenta, muna cewa mura ce?

Me ya sa azzalumin mai gida ba ya jin tsoro? Don ya yi lissafi ya ga hukuncin bai kai ribar ba. Mu ɗauki misalin dokar haya da Jihar Legas ta yi a 2011. Ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya a lokaci guda, ta sanya tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 3 ga wanda ya saɓa. Fitar da ɗan haya da ƙarfi kuwa, tararsa ba ta wuce Naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. A 2011 Dala ɗaya ba ta kai Naira 170 ba, a 2024 ta haura Naira 1,500. Tarar da ke iya sa mutum ya yi tunani a wancan lokaci ta koma kuɗin cefane. Ita kuwa shari'armu ta bar ta'aziri a hannun alƙali ne don ya auna abin da zai tsawatar da mai laifi gwargwadon halinsa. Hukuncin da mai kuɗi zai biya yana murmushi bai tsawatar da kowa ba.

A dokar ƙasa, ba a fitar da ɗan haya sai da umarnin kotu. A Legas da Abuja, mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata 6 idan ba su yi wata yarjejeniya dabam ba. Amma me muke gani? A cire ƙofar ɗaki, a kware kwano, a yanke wuta, a kulle masai, don mutum ya gaji ya tashi da kansa. Matar aure a ɗakin da ba ƙofa! Talaka kuwa ba shi da kuɗin lauya, ko ya je kotu sai a yi ta ɗage zama har ya haƙura.

Ga wanda ya yi nasara ta wannan hanya, Uwar Muminai Ummu Salama (RA) ta ruwaito mana gargaɗi, yana cikin Buhari da Muslim. Annabi (SAW) ya sanar da masu kawo masa ƙara cewa wani zai iya fin abokin shari'arsa iya baki har a yanke masa hukunci, to duk wanda aka ba shi haƙƙin ɗan uwansa ta haka, guntun wuta aka yanka masa. Idan hukuncin Manzon Allah da kansa bai halatta wa mai wayo haram ba, ina ga takardar da lauya ya samo, ko tarar da aka biya aka kaɗe riga?

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce matar da mijinta ya rasu. Tana cikin takaba, ko arba'in ba a yi ba, sai ga saƙo wai mai gida yana son ɗakinsa, alhali marigayin ya biya har ƙarshen shekara. Risala ta faɗa a sarari cewa haya ba ta warwarewa don mazauni ya mutu. Watannin da suka rage haƙƙin magada ne, marayu ne ke da su. Idan kuma wa'adin ya cika ba ta da abin biya, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi.

Ban ce duk masu gidaje haka suke ba, akwai na kirki, kuma akwai 'yan hayar da ke ƙin biya suna da hali, ko su lalata gidan mutane. Gida amana ne a hannun ɗan haya, wanda ya ci amanar shi ma zai amsa tambaya.

Yanzu ga namu. Hajiya, ke da kika gaji gida ko kika gina da kuɗin sana'arki kika zuba 'yan haya, yaushe rabonki da shiga ki duba da idonki? Kada ki dogara da yaron da ke karɓo miki kuɗi, shi ba ya kawo miki labarin tsagewar bango. Kafin ki biya kujerar Umara ta bana, ki aika a yashe masai, a sauya kwanon da ya ruɓe, a rufe rijiya, a gyara wayoyin lantarkin da ke reto. Ke kuma matar mai gidajen haya, da kuɗin nan ake yi miki cefane, da su 'ya'yanki ke cin abinci. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanye ki ce, "Alhaji, mutanen gidan can sun ce ɗakinsu na zuba, don Allah a duba kafin ruwa ya sauka." Sau da yawa kalmar uwargida ta fi sammacin kotu saurin aiki.

Masu neman haya kuma, mu riƙa ce wa mazajenmu su rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu: nawa ne kuɗin, wa zai yi wane gyara, kuma za a mayar da ragowar kuɗi idan gida ya ƙi zaunuwa. Su tambayi maƙwabta yadda gidan yake da damina kafin su biya. Idan bango ya fara tsagewa, a sanar da mai gida a gaban mai unguwa ko limamin masallaci, don gargaɗin ya zama da shaida kamar yadda malamai suka sharɗanta. Rassan ƙungiyarmu ma za su iya ware mata biyu ko uku masu ilimi da za su riƙa raka gwauraye da masu takaba wajen mai unguwa ko ofishin Hisba, don kada mace ta tsaya ita kaɗai a gaban wanda ya fi ta baki da aljihu.